Muryar Inna a Wutsiyar Kaset

Safiya ce ta kawo min abin, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a cikin leda mai ƙyalli irin ta masu turare. Ita ce 'yata ta biyu, a nan Jidda aka haife ta, Hausarta kuwa sai a hankali, rabi Larabci rabi abin da ta tsinta a bakin uwarta. Ta ɗora min a cinya tana murmushi, ta ce, "Baba, hadiyya ce. Buɗe, yalla." Na buɗe. Faifai uku ne a kwali ɗaya, irin masu walƙiyar nan da ake sa wa mota, a jikin kwalin kuma ga hoton wasu tsofaffin Turawa uku sun jera kafaɗa, biyu da sanƙo, ɗaya da furfura har wuya. Ban gane su ba sai da ta juya min bayan kwalin, na ga tsohon hotonsu lokacin suna su huɗu, gashi har ƙirji. Nan take na kawar da kai. Ta ce wai makaɗan ne da kansu suka tattara duk waƙoƙinsu da suka yi fice, tun daga na farko har na ƙarshe, suka zuba wuri guda domin sun kusa ajiye aiki. Ta ce ta sha yawo kafin ta samu. Na ce Allah ya yi mata albarka, na tura kwalin ƙarƙashin matashi, kuma kwana tara ban bari an kunna shi ba.

Ku da kuka taso da waya a hannu ba za ku gane abin da kaset yake ba a Jidda ta zamaninmu. Yanzu yaro yana kwance yana latsa gilashi, kiɗan duniya kaf yana zubo masa a kunne, ba mai ji sai shi. A da kuwa kiɗa kaya ne mai nauyi, a kwali ake ɗaukarsa, dakonsa ake yi, yana da ƙamshin sabuwar roba. Ka bi layin kasuwa da la'asar, kowane shago da abin da yake saki, na Masar, na Indiya, na Sudan, na Turawa, duk a cakuɗe da hon ɗin motoci da kiran masu shayi, sai an kira salla ka ji ɗif, a jawo ƙofofin ƙarfe ƙasa garau-garau. Alhaji bai cika alhaji ba sai ya koma gida da rikoda a kafaɗa. A bayan ɗaya daga cikin shagunan nan na ƙarar da ƙuruciyata, a unguwar Bani Malik, cikin wani ɗaki marar taga inda injin kwafi yake gurnani tun safe. Kaset ɗin asali ɗaya a sama, biyar a ƙasa, ka danna jan maɓalli, kafin shayinka ya huce an juye maka kiɗan awa guda. Sauran aikin na hannu ne, manna takarda, naɗe zaren da ya zubo da biro, da bin hotunan bango da baƙin alƙalami ana rufe wa matan Turawa hannu da ƙirji. Rigunan da na yi wa mata da tawada, wani telan bai ɗinka kamarsu ba a rayuwarsa.

Ba da niyyar zama na zo ba, kamar dai kowa. Wani dattijon garinmu ne ya ɗauko ni in riƙe masa jaka a aikin hajji. Mahaifina ya riga ya rasu, daga ni sai ƙanwata Ladi a gaban Inna. Na durƙusa na ce mata kwana arba'in zan yi. Tana kaɗi a ƙofar ɗaki, ko ɗaga kai ba ta yi ba daga kan mazari, ta ce, "Kai wannan, arba'in ɗin Allah ko ta 'yan kasuwa?" Haka take kirana, kai wannan, domin ni ne ɗan fari, a garinmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari ko da wuta ce ta kama rigarsa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Dattijon ya gama hajjinsa ya koma, ni kuwa na zille daga sansanin alhazai na shige unguwar Nuzla cikin 'yan'uwa takari, wato mu da muka zo ibada muka maƙale babu takarda. Mutum shida a ɗaki, fanka ɗaya, kunne kullum a waje ana sauraron motar 'yan kame. Wanda ya bar ƙasar a haka ba shi da hanyar dawowa, wannan kowa ya sani, kuma da shi nake rufe bakin zuciyata duk sanda ta tayar min da zancen gida.

A ƙofar shagon akwai wani tsoho mai gyaran rikoda, muna ce masa Ammu Haruna. Bahaushen Sudan ne, Hausarsa tsohuwa ce irin wadda ban ƙara ji a bakin kowa ba. Yakan ce kakanninsa da ƙafa suka taso za su Makka, suka tsaya hutawa a bakin kogi, hutun da har jikoki suka yi furfura ba a gama shi ba. In ya ga ina fankama da sabon agogo sai ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Yi a hankali, ɗana. Mu ma arba'in aka ce. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." In yi dariya in ce tsoho ya fara. Shi ne kuma ya kafa min doka ɗaya a aikin, wadda ya maimaita har ta gundure ni: kada ka taɓa danna ja a kan kaset ɗin da ba ka saurara ba. Ya ce kwali ba ya gaya maka abin da ke ciki. Na riƙe dokar nan shekara da shekaru, sai in aiki ya yi yawa.

Makaɗan nan kuwa, ba zan iya faɗa muku sunansu na gaskiya ba, harshena bai taɓa iya ɗaukarsa ba. Masu Gashi muke ce musu. Kiɗan rok suke yi, jita mai ihu, ganga kamar ana rushe gini, da wani mai waƙa da za ka rantse an taka masa ƙafa. Ban san kalma ɗaya daga abin da suke faɗa ba, har yau. Amma mai shagon, wani Bayamane mai ido kamar na shaho, ya lura ina da kunne. Ya tara min duk kaset ɗinsu da suka fito zuwa lokacin, ya ce in tsamo masu daɗin in haɗa a guda ɗaya, domin ma'aikatan kamfanoni da samarin Larabawa ba sa son sayen bakwai. Na zauna na yi ta ji har kaina ya yi ciwo, na raɗa wa kowace waƙa suna don in gane ta. Akwai Kukan Jaki, akwai Tsawa, akwai Mota Ta Ƙi Tashi. Akwai kuma wata mai sanyi da na sa wa Lugude, domin a ƙarshenta komai yana yin shiru a bar ganga ita kaɗai, dum, dum, tana raguwa kamar mata sun gaji da daka za su ajiye taɓare. Ita na sa a ƙarshe, don tana tuna min da gida. Bayanta zaren yakan rage kaɗan, abin da bai kai minti ɗaya ba, injin ya tsaya ya bar wannan wutsiyar bai taɓa ta ba. Haɗin nan ya karɓu kamar a yi yaya, kaina kuwa ya kumbura har hula ta so ta ƙi shiga.

A wancan zamanin kaset shi ne wasiƙarmu. Yawancinmu ba mu iya boko ba, iyayenmu balle, waya kuwa sai a gidan gwamna. Sai mutum ya sami lungu ya kunna rikoda ya yi ta zuba, gaisuwa gida-gida, har akuya a tambayi lafiyarta, a ba alhajin da zai koma. Amsa sai wata shekarar, in alhazai sun dawo. Na aika wa Inna rikoda da batura da atamfa, na haɗa da kaset ɗin Masu Gashi guda biyu, wai don a gani a garinmu cewa ɗanta ya zama wani abu. Ka ji wauta. A can kuwa sabon kaset tsada gare shi, don haka abin da ake yi shi ne a ɗauki tsoho a toshe ramukan nan biyu na samansa da takarda ko wani abu, sai ya karɓi sabuwar magana a kan tsohuwa. Kowace shekara ina aika muryata, kowace shekara Ladi ce take amsawa, ta ce Inna tana lafiya, ta ga kaya. Inna kanta ko tari ba ta taɓa yi a ciki ba. Shekara bakwai ana haka. Na san fushi ne, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo, amma na ce wa kaina in na ƙara tara abin hannu zan je in wanke laifina gaba ɗaya.

Ranar da abin ya faru lokacin alhazai ne, gari ya cika ya batse, zafi kamar a bakin tanda. Na kai kaya wani sito a Khumra tun safe, ban dawo ba sai bayan azahar, na tarar mai shago yana ta faɗa wai Masu Gashi sun ƙare a kanta. Muna da wani kwali a ƙarƙashin tebur inda ake jefa kaset ɗin da masu saye suka dawo da su, wanda sautinsa ya shaƙe ko ya yi rawa, in sake juye musu kiɗan a mayar kasuwa. Na zura hannu na tsamo na Masu Gashi guda biyar. Huɗu na manna musu salatif a ramukan kamar kullum. Na biyar ɗin na ga an riga an toshe shi, da auduga, an cusa ta tsaf da tsinke. Takardar jikinsa ta yi ja-ja, ta koɗe. Na tsaya na dube shi, wallahi na tsaya. Audugar ba irin ta asibiti ba ce, irin wadda ake shiryawa don kaɗi ce. Sai mai shago ya buga ƙofa ya ce yalla, yalla, in yi sauri. Na ce a raina wani ya rage min aiki, na zura shi a inji na danna ja.

Al'adata ce in an gama in saurari ƙarshen kowanne, don in tabbatar kiɗan ya kai. Na farko lafiya, na biyu lafiya. Na sa mai audugar. Lugude tana ƙarewa, gangar tana raguwa, dum, dum, ta tsaya. Sai na ji wani ɗan ƙaras, sai kukan akuya daga nesa, sai murya. Muryar Inna ce, a tsakiyar magana, ta dushe fiye da yadda na bar ta.

"... to, ka ji abin da nake so. Guda ɗaya ne, ban haɗa maka da wani ba. In ka yi shi na yafe maka duniya da lahira, har abin da ban faɗa ba. In kuwa ba ka yi ba..."

Sannan ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ba ta taɓa ci ba.

"In ba ka yi ba, ni ba zan ce komai ba. Sai mun haɗu a gaban Allah. Ladi, zo ki kashe abin nan."

Zaren ya ƙare, rikoda ta yi ƙat. Awa guda Inna ta yi tana yi min magana, gaba da baya, bayan shiru na shekara bakwai, ni kuwa da yatsana na shafe ta na ɗora Kukan Jaki a kai. Na juyo na ga Ammu Haruna tsaye a bakin ƙofa da sukundireba a hannu. Bai ce ai na gaya maka ba, da ma ya faɗa da na ji sauƙi. Ya dai ce innalillahi a hankali, ya zauna a kan kwali. Mai jiran kanta ya ce wani alhaji baƙar fata ne ya kawo da safe, ba ya jin Larabci, sai nuna kaset yake yana nuna ɗakina. Shi kuwa da ya ga haɗinmu ne, sai ya ɗauka ƙorafi aka kawo, ya jefa a kwali.

Kwana uku ina bin sansanin alhazai tanti-tanti, ni da ba ni da takarda, kafin na sami mutumin. Maƙwabcinmu ne na can gida, mai sayar da fata. Ya ce a ƙulle Inna ta ba shi cikin gefen ɗankwali, ta ce hannu da hannu, shi kuma motarsu ta Makka tana jira shi ya sa ya bari a shago. Na ce ko ta gaya masa abin da ke ciki. Ya ce, "Haba, uwarka ce fa. Ta taɓa gaya wa wani cikinta?" Ya ce bayan salla zai koma, in ina da amsa in kawo.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko, domin na farko tsautsayi ne, wannan kuwa da hankalina na yi shi. Ammu Haruna ya ba ni rikodarsa ya ce, "Gaya mata gaskiya. Ka ce kaset ya lalace, ta maimaita."

Na ce, "In ce mata me, Ammu? Matar da ta haɗiye shekara bakwai, ta karya kunyarta ta kama sunana, in ce na goge ta da kiɗan Turawa masu gashi? Ko in ce ta sake, kamar wata mai tallan fura?"

Ya ce, "Kunyar yini ɗaya ce."

Na ce, "Ladi tana wurin ai. Zan tambaye ta a gefe, Inna ba za ta taɓa sani ba."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya koma kan aikinsa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na danna ja, na ce, "Inna, na ji saƙonki duka, tun daga farko har ƙarshe. Na ji, na karɓa, zan yi in Allah ya yarda." Na yi wa Ladi nata daban, na roƙe ta ta gaya min abin da Inna ta ce, kada ta bari kowa ya ji. Na kai wa mai fata da hannuna, har ina jin na yi dabara.

Amsar ta zo da alhazan shekara mai zuwa, muryar Ladi ita kaɗai. Ta fara da ta'aziyya. Inna ta rasu da damina, zazzaɓin kwana huɗu. Sannan ta ce, "Yaya, abin da ka tambaya ban sani ba. Ranar ta ce in kunna mata in fita, har ƙofar gida ta sa na ja. Da ɓangare ɗaya ya ƙare ta kira ni na juya mata na sake fita. Ba ta gaya wa kowa ba. Amma da naka ya zo ta saurara sau uku, ta ce alhamdulillahi, ya ji. Tun daga ranar ba ta ƙara zancenka ba, sai dai in an yi sallama a zaure ta tsayar da mazari ta ɗaga kai." Ta mutu ke nan tana riƙe da alkawarina, alkawarin abin da ban sani ba.

Sauran rayuwata, in gaya muku gaskiya, cankar wannan abu ɗaya na yi ta yi. Na ce ko aikin kiɗan ne ba ta so, na bar shagon, na koma Khumra ina dakon buhuna har bayana ya lanƙwashe. Na ce ko kawuna ne da muka rabu ba ma ga maciji, na aika masa kaset na ban haƙuri, ya amsa ya ce ya yafe, shi ma bai san komai ba. Na ce ko aure ne, na auri 'yar mutanenmu a Nuzla, na sa wa 'yar fari sunan Inna. Na yi wa Inna hajji, na sake yi mata. Na ɗauki nauyin Ladi da 'ya'yanta har Allah ya karɓi abarsa. Duk wanda na yi sai in dawo in kunna kaset ɗin, in zauna in haƙura da Masu Gashi tun daga Tsawa har Lugude, domin ina tsoron gaggauta zaren kada ya tsinke, in jira wutsiyar. Ta ce guda ɗaya ne, ta kira sunana, in ce na ji, Inna. Ban taɓa jin nauyin ya ragu ba. 'Ya'yana sun taso suna ganin ubansu, mai zuwa sahun farko, yana rufe ɗaki duk Juma'a yana jin kiɗan rok, suna yi min dariya a bayan ido wai Baba ɗan gaye ne a da. Na bar su a haka, har uwarsu ban gaya wa ba.

Saura abu ɗaya da ban gwada ba, kuma ba sai na faɗa muku ba, kun riga ni ganewa tun a zancen sallama a zaure. Da farko hujjata takarda ce. Daga baya Allah ya haɗa ni da kafili na kirki, ɗan ƙasa da ya tsaya min, na sami iƙama, wato takardar zama, hanya ta buɗe in je in dawo kamar kowa. Ban je ba. Na ce yara ƙanana ne, na ce wa zan tarar, na ce kabari ba ya magana. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Muddin akwai abin da ban gwada ba, ina da sauran fata. In na je na tsaya a kanta nauyin nan bai sauka ba, to na ƙare canka, ba abin da ya rage sai haɗuwar da ta ambata.

Shekarun baya kaɗan aka yi ruwan nan da ya shiga gidajen mutane a kudancin gari. Da hantsi ya zo, jajir da laka, kafin mu kwashe yara da takardu ya kai gwiwa. Kaset ɗin yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Da ruwa ya janye na buɗe, zaren ya manne ya zama dunƙule ɗaya, audugar ta yi baƙi. Ammu Haruna ya daɗe da rasuwa, masu gyaran rikoda kuma sun ƙare a gari, wanda na samu da ƙyar ya juya shi sau biyu ya ce halas, ba ya gyaruwa. Na zauna a tsakar gida cikin laka na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne matata. Safiya tana tsaye tana kallona. Tun ranar ashe ta ƙudura a ranta sai ta nemo wa Baba makaɗansa.

A kwana na goma da kawo kwalin, Safiya ta zo da rana ta kai ni asibiti a motar mijinta, shi yana tuƙi, domin likita ya ce zuciyata ta fara gajiya, in riƙa zuwa duk wata. A hanyar dawowa ta zaro kwalin daga jaka, ashe ta ɗauko shi daga ƙarƙashin matashin. Ta ce, "Yau kam sai ka ji, Baba. Wanne zan sa?" Na ce ta sa na ƙarshe, waƙar ƙarshe, a gama. Tana fara tashi na gane ta. Lugude ce. Su ma da kansu ita suka ajiye a ƙarshen shekarunsu duka, har na ji wata dariya mai ɗaci ta taso min, ashe dai na iya aikin. An wanke sautin tas, babu shuu ɗin kaset, babu rawar da zare yake yi a inda ya tsufa. Jita ta yi shiru, aka bar ganga, dum, dum, tana raguwa. Na gyara zama, na sunkuyar da kai kamar yadda na saba. Gangar ta tsaya.

Babu akuya, babu ƙaras. Na jira daidai inda take cewa guda ɗaya ne, na nemi muryar a cikin kaina, sai na tarar kalmomin suna nan amma muryar ta fara zama tawa. Na jira inda take kiran sunana. Sai iskar na'urar sanyaya mota kawai.

Na ce, "Na ji, Inna."

Safiya ta juyo daga kujerar gaba ta ce, "Baba, da wa kake magana?"

Na sa mijinta ya tsaya a gefen titi, na gaya musu duka, tun daga auduga har ƙaryar da na aika. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta share ido da gefen mayafi, ta yi ta neman Hausar da za ta faɗa, sannan ta ce, "Baba, in ni ce na tafi na ce maka kwana arba'in, me za ka roƙe ni?" Na ce wa mijinta ya ja mota mu tafi gida.

Kwalin yana nan a kan taga, ban ƙara kunna shi ba, ban kuma yarda a ba da shi ba. Likita ya ce jirgi ba zai yi wa zuciyata daɗi ba, na ce na gode da shawara. Mijin Safiya ya gama min takardu, ranar Talata za mu tashi, ɗan Ladi zai tare mu ya nuna min inda aka sa Inna, in ruwan shekaru bai shafe wurin ba. Zan tsaya a ƙofar zauren in yi sallama da ƙarfi, ko da baƙi ne a gidan yanzu. Ban sani ba ko shi ne abin da ta roƙa. In shi ne, to na makara amma na zo. In kuwa ba shi ba ne, jiran da ya rage mata ba mai tsawo ba ne, wannan karon zan ce mata ban ji ba, ta maimaita.